Kotu ta rufe kamfanin inshorar mijina, shin kuɗin marayuna sun tafi ke nan?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 38, ina zaune a Zariya. Maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar ni da yara huɗu, maza biyu mata biyu. Ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa. Shekara tara ya yi yana zubi duk wata a wani kamfanin inshora, yana ce mini na karatun yara ne, idan ta Allah ta kasance kada karatunsu ya tsaya. Sunana ya rubuta a matsayin wadda za ta karɓa. Da na fita takaba na kai takardu, aka yi ta je ki dawo, daga ƙarshe suka ba ni takarda cewa sun amince za su biya naira miliyan shida, na sa hannu. Har yau ban ga ko kwabo ba. Sai muka ji hukuma ta ƙwace lasisinsu, na je ofishinsu na tarar da kwaɗo a ƙofa. Kwanan nan kuma aka ce Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin a rufe kamfanin gaba ɗaya.

Ejan ɗin da ya yi wa maigidana rajista ya ce in kawo naira 150,000 zai sa a fito da fayil ɗina kafin na kowa. Ƙanin mijina yana cewa kuɗin haram ne, sannan ya je ya gaya wa Hajiya, mahaifiyarsu, wai na karɓa na ɓoye. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ga bashin naira 400,000 da na ci a wurin maƙwabciyata na biya kuɗin makaranta, da alƙawarin zan biya idan inshora ta fito. Wallahi Anti ba na barci. Kuɗin nan sun tafi ke nan? In ba ejan ɗin abin da ya nema?

Uwar marayu, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Ƙanwata, hukuncin kotun nan bai soke haƙƙinki ba. Takardar da kamfanin ya ba ki, wadda ya amince a cikinta cewa zai biya miliyan shida, har gobe shaida ce cewa kina bin sa bashi. Abin da ya canza shi ne wanda za ki nema da ƙofar da za ki bi. Amma ba zan rufe ki ba: galibi kamfani ba ya kaiwa wannan matsayi sai bashin da ke kansa ya fi ƙarfin abin da ya mallaka, saboda haka yana yiwuwa ƙwarai ki samu wani kaso ne kawai, kuma a makare. Ina so ki riƙe maganganun nan biyu tare. Ki nemi haƙƙin yaranki da gaske, kamar gobe za a biya, amma ki tsara rayuwar gidanki kamar kuɗin ba za su zo bana ba.

Abubuwa biyu ne suka faru da kamfanin, mutane suna haɗa su wuri guda. Na farko, hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don sa ido a kan harkar inshora, ta soke lasisinsa, wato ba shi da damar sake karɓar sabon zubi daga kowa. Wannan ba a kanki aka fara ba. A watan Yunin 2022 hukumar ta soke lasisin Niger Insurance da na Standard Alliance a lokaci guda, ta naɗa wa kowannensu wanda zai karɓi ragamarsa. Na biyu shi ne umarnin kotu. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe shari'o'in kamfanoni da na karayar arziki ga Babbar Kotun Tarayya, shi ya sa ba kotun majistare ba, ba kotun shari'ar Musulunci ba, babu wadda za ta iya sa kamfanin ya biya ki yanzu. Da zarar ta ba da umarnin rufewa, ikon manajoji da daraktoci ya ƙare. Komai ya koma hannun mutum guda wanda lauyoyi ke kira likwideta.

Aikin mutumin nan kin san shi, ko da ba ki san sunansa ba. Ki tuna yadda ake yi idan mutum ya rasu. Ba a fara rabo sai an tattara abin da ya bari, gida da gona da abin da yake bin mutane, a yi cigiyar masu bin sa bashi, kowa ya zo da shaidarsa, a biya bashin, sannan magada su ga abin da ya rage. To, a idon doka kamfanin nan mamaci ne. Likwideta zai tattara gine-ginensa da hannayen jarinsa da kuɗinsa na banki, ya bi waɗanda kamfanin ke bi, har da manyan kamfanonin da su kansu kamfanonin inshora ke yin inshora a wurinsu, ya sayar da abin sayarwa, ya raba. Ke kuma kina cikin masu bin bashi, ba cikin magada ba, kuma wannan ya fi miki.

Daga ranar umarnin, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kowa shigar da ƙara ko ci gaba da ƙara a kan kamfanin sai da izinin kotun. Na san wasu suna ganin wannan an ɗaure wa mai haƙƙi hannu ne. Ni a wurina kariya ce ga irinki. Da an bar ƙofa a buɗe, masu manyan lauyoyi a Legas da Abuja ne za su riga kowa, su sa a ƙwace ginin nan da motocin can, kafin labari ya iso Zariya babu abin da ya saura. Hanin ya tsayar da kowa a layi ɗaya.

Shi layin kuma yana da tsari. Dokar inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta jera yadda za a biya bashin kamfanin inshora da ake rufewa: da farko kuɗin aikin rufewar kansa, sai masu bashin da ke riƙe da jingina, sai masu inshora irinki, sai sauran masu bin bashi, sai ma'aikatan kamfanin, a can ƙarshe masu hannun jari da daraktoci. Kin ga a wannan jerin kina matsayi na uku. Kina gaban mai sayar musu da takarda da mai gyara musu janareta, kina gaban ma'aikatansu, kina gaban masu kamfanin. Abin da ke damuna a jerin nan shi ne matsayi na biyu, domin masu jingina yawanci bankuna ne, kuma abin da suke riƙe da shi shi ne mafi tsokar dukiyar, wato gine-gine. Idan kamfanin ya jinginar da manyan gidajensa kafin ya faɗi, abin da zai iso gare ku zai ragu sosai.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. A Amurka dokar karayar arziki ta tarayya ba ta ma ɗaukar kamfanonin inshora, jihohi ne ke rufe su da dokokinsu. Wani kamfani ya karye a jihar Ohayo, gwamnatin tarayya ta ce dokarta ta ba ta damar a fara biyanta kafin kowa, dokar jihar kuma ta sa masu inshora a gaba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1993 ta yanke cewa masu inshora, da kuɗin gudanar da rufewar, suna gaban gwamnati. Dalilin alƙalan shi ne cika alƙawarin da aka yi wa mai inshora shi ne zuciyar harkar baki ɗaya. Na kawo miki wannan ne don ki daina jin kamar roƙo kike yi. Mutumin da ya yi shekara tara yana cire kuɗi daga albashinsa ya riga ya cika nasa ɓangaren.

A cikin matsayi guda ba a duba wanda ya riga zuwa ko wanda ya san wani. Kashi ake yi daidai da abin da kowa ke bi. A ƙaddara, misali kawai, duk masu inshora suna bin biliyan goma, abin da ya rage bayan an sallami na gabanku biliyan huɗu ne. Kowa zai samu kwabo arba'in a kan kowace naira, miliyan shidanki ta zama miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Kuma ba lallai a ba da shi a dunƙule ba, ana iya biya kashi-kashi yayin da ake sayar da kadarori. Addini ma ya san wannan. Babin falas a fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu a kan haka yake, a tattara dukiyar wanda bashi ya cinye a kasa wa masu bi gwargwadon bashinsu. Kuma ya inganta cewa wani mutum ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya, bashi ya yi masa yawa, Annabi (SAW) ya sa aka taimaka masa, taimakon bai kai ba, sai ya umarci masu bin sa su karɓi abin da ya samu, ba su da wani abu bayan wannan.

Daga nan za ki ga amsar tambayarki ta biyu. Kada ki ba ejan ɗin nan ko sisi. Ba shi da wani fayil da zai fito da shi. Kamfanin da ya yi wa aiki babu shi, manajojin da ya sani ba su da iko a kan ko kujerar ofis. Kai, ko da a ce ya samu wata ɓarauniyar hanya aka turo miki kuɗi, doka ta ce duk abin da aka fitar daga dukiyar kamfani bayan an fara rufe shi ba tare da amincewar kotu ba ɓatacce ne, ana iya biyo ki a ce ki dawo da shi. Idan ya sake kira, ki ce ya rubuto miki buƙatar a saƙon waya, ki adana saƙon. Abu guda kawai za ki nema a wurinsa, idan akwai rasit ko wata takarda ta maigidanki a hannunsa, ya ba ki.

Abin da ya kamata ki sa ƙarfinki a kai shi ne sunanki ya shiga rajistar likwideta a rubuce, kuma cikin lokaci. Nan ne mata irinki suka fi yin asara, ba don ba su da gaskiya ba. Likwideta yana buga sanarwa a jaridu yana kiran masu bin bashi su kawo shaida kafin rana kaza, galibi a jaridun Turanci, a can shafukan ciki inda uwar marayu ba ta taɓa leƙawa. Wanda bai kawo shaida a kan lokaci ba, ana iya yin rabo babu shi, kuma abin da aka riga aka raba ba a dawo da shi dominsa. Kada ki dogara da cewa ai sunanki yana cikin kwamfutarsu. Kamfanin da ya kasa biyan bashi sau da yawa takardunsa ma a hargitse suke. A makon nan ki tuntuɓi NAICOM, hedikwatarta tana Abuja kuma tana da sashen karɓar ƙorafi, ki nemi suna da adireshin likwidetan kamfanin da ranar rufe karɓar shaida. Idan ranar ta wuce, duk da haka ki kai, ki haɗa da bayanin dalilin jinkirin, domin muddin akwai sauran rabo a gaba kina iya shiga.

Ki haɗa takardar inshorar, da shaidar zubi, ko rasit ne ko takardar albashi ko bayanin banki da ke nuna ana cire kuɗin, da takardar shaidar mutuwa, da katin shaidarki, da lambar asusunki, da takardar amincewar nan. Hoton takardu za ki ba da. Na ainihi su zauna a hannunki, duk wanda ya nemi gani ya gani a gabanki. Ki tabbatar an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ki koma gida da shi, in kuma aikawa kika yi, ki adana rasit ɗin masu kai saƙo.

Akwai wani wuri da nake so ki lura sosai. Irin takardar da kika sa wa hannu, sau da yawa rubutun cikinta yana cewa ne mai sa hannu ya karɓi kuɗi kaza a matsayin cikakken biya, alhali tun kafin a biya ake sa hannun. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan wannan takarda. Ke ba a biya ki ba, amma wanda ya buɗe fayil ɗinki bai san labarin ba yana iya ɗauka an sallame ki. Saboda haka ki je bankinki ki karɓi bayanin asusunki tun daga ranar da kika sa hannu har zuwa yau, da hatimin banki a kai, sannan ki yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba ki karɓi komai ba, ko ta banki ko hannu da hannu. Ki ciri kwafi biyu na bayanin bankin, ɗaya yana da aiki a gida, zan zo kansa. Idan likwideta ya ƙi amincewa da bashinki ko ya rage shi, kina da damar kai kuka gaban kotun da ta naɗa shi, amma cikin ƙayyadadden lokaci, don haka duk takardar da ta zo miki kada ta kwana ba a karanta miki ita ba.

Ba sai kin ɗauki lauya mai tsada ba. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa tana da ofisoshi a jihohi, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana taimakon zawarawa da marayu, kuma ga Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da ke a Kongo, inda ɗalibai ke duba matsalolin jama'a ƙarƙashin malamansu. Ki roƙi lauyan ya rubuta wa Kwamishinan Inshora, wato shugaban NAICOM, wasiƙa a kan abubuwa biyu. Dokar 2003 ta tilasta wa kowane kamfani ya ajiye wani kaso na jarinsa a Babban Bankin Najeriya, ta kuma tanadi wani asusu a hannun NAICOM wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne biyan haƙƙin da kamfani ya riga ya amince da shi amma ya kasa biya saboda karyewa ko soke lasisi. Naki irin wannan ne daidai. A 2025 kuma shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin tsohuwar, ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 10, ta kuma kafa asusun kare masu inshora. Lauya ya duba ranar da aka soke lasisin da ranar umarnin kotu ya gaya miki wace ƙofa ce taki. Za ki ji wasu suna cewa ki je NDIC. Ita aikinta ajiyar banki ne, kamar yadda ta biya masu ajiya a bankin Heritage da aka rufe a watan Yunin 2024 har zuwa naira miliyan biyar kowanne. Inshorar rai ba ta cikin hurumin ta, kada ki ɓata kuɗin mota.

Ki kuma nemi 'yan'uwanki masu irin wannan matsala. Ejan guda ba mutum ɗaya ya yi wa rajista ba, a wurin aikin maigidanki kaɗai za a samu wasu. Mutum talatin da lauya guda sun fi ki ke kaɗai nauyi a idon likwideta, kuma doka ta yarda masu bin bashi su samu kwamitin da zai riƙa sa ido a kan aikinsa. A Ingila, kamfanin Equitable Life da aka kafa tun 1762 ya sha kaye a kotun ƙoli ta ƙasar a watan Yulin 2000 a kan alƙawuran da ya yi wa masu fansho, kafin ƙarshen shekarar ya daina karɓar sababbin mutane. Masu inshorarsa suka haɗa ƙungiya suka yi ta bibiya, sai a 2010 gwamnati ta ware fam biliyan ɗaya da rabi na diyya saboda sakacin masu sa ido. Shekara goma, kuma abin da aka ba su bai kai asararsu ba. Amma da kowa ya zauna a ɗakinsa, da ko wannan ba a gani ba.

Wasiƙarki ba ta ambaci wasu kuɗi biyu ba, kuma ina fargabar ba ki neme su ba. Idan maigidanki yana cikin tsarin fansho na karo-karo, yana da asusu a wani kamfanin fansho, kuɗin da ke ciki na magadansa ne, kuma karyewar kamfanin inshora ba ta taɓa su ba. Sannan dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta rukuni wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, in bai yi ba, shi zai biya idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki. Ki je wurin aikinsa ki tambaya a rubuce. Za a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. In sun yi miki wasa, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ita ce ke jin wannan kuka. Waɗannan suna iya fitowa tun kafin na likwideta.

Maganar haram kuma, ba zan ce ƙanin mijinki ya ƙirƙira ba ne. Majalisar fikihu ta ƙasashen Musulmi ta yi matsaya a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta nuna takaful, wato inshorar taimakon juna ta Musulunci, a madadinta. Tun 1979 aka fara takaful a Sudan, a Najeriya ma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoninsa yanzu. To amma hukuncin shiga abu daban, hukuncin dukiyar da ta riga ta tabbata bayan mutum ya rasu daban. Ko malaman da suka fi tsanani a kan inshora, da yawansu suna cewa abin da mutum ya zuba da guminsa nasa ne, a kan ƙarin ne ake saɓani, kuma suna kafa hujja da ayar Baƙara da ta ce wanda ya bar riba uwar dukiyarsa tasa ce. Zubin shekara tara ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ki lissafa shi, ki je wurin malamin da ya san mu'amalat ki gaya masa komai, har da halin yaran. A ganina ba ki da ikon yafe wannan haƙƙi ko da kin so, domin akwai marayu a ciki. A karɓo shi tukuna, sannan malami ya faɗi abin da za a ci da abin da za a fitar.

Haka batun ko kuɗin naki ne ke da yara, tunda sunanki aka rubuta kuma don karatunsu aka yi, ko kuwa gado ne da za a raba. Kamfani wanda aka rubuta sunansa yake biya, amma malamai da yawa suna ɗaukar wannan mutum a matsayin mai riƙon amana ga magada. Alƙalin kotun shari'ar Musulunci ne zai raba wannan gardama, kuma nan ne huruminsa yake. Idan aka ce gado ne, ke kina da tumuni, Hajiya tana da sudusi, in mahaifin maigidanki yana raye shi ma sudusi, saura na yara. Ƙanin miji ba shi da komai, domin ɗa namiji yana katange shi. Amma Hajiya tana iya zama mai haƙƙi, kuma wannan ya sa zarginta ya fi na kowa cancantar a amsa shi da hujja.

Ita fa uwa ce da ta binne ɗanta. An gaya mata magana, ba ta da hanyar tantancewa, ta ga an biya kuɗin makaranta ba ta san daga ina ba. Kada ki tsaya jiran ta gane da kanta, kuma kada ki aika yara da saƙo. Ki samu babba guda da take jin nauyinsa, ƙanin mahaifin maigidanki ko limamin unguwa, da wani naki, yayanki ko kawunki. Ku je da takardar amincewar, da bayanin banki mai hatimi, da takardar rantsuwar. Wanda ya iya karatu a cikin danginsu, ba naki ba, shi zai karanta a fili. Ki ce mata, Hajiya, ga abin da ɗanki ya bar wa jikokinki, ga inda ya maƙale, ga bashin da na ci na biya makaranta, kuma duk ranar da wani abu ya fito a gabanki za a buɗe shi. Kada ki ambaci wanda ya kai tsegumin. In ma za ki iya, ki nemi a wakilta mutum ɗaya daga ɓangarensu ya riƙa raka ki wurin lauya. Wanda ya ga je-ka-ka-dawo da idonsa ba zai sake cewa an karɓa an ɓoye ba, kuma ke ma kin samu mai tayin tafiya.

Maƙwabciyarki ce ya kamata ki fara gani, tun kafin Hajiya, tun kafin lauya. Ta ba ki kuɗinta ne a kan alƙawarin da yanzu kin san ba a hannunki yake ba, kuma jin labarin a bakin wani zai fi yi mata ciwo. Ki gaya mata gaskiya cewa inshorar ta shiga hannun kotu kuma babu rana. Ku sake yarjejeniya a kan abin da za ki iya daga sana'arki ko albashinki, ko naira dubu goma ce a wata, ku rubuta da shaidu biyu kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni a kan bashi, ki ƙara da cewa idan kuɗin fansho ko na inshora suka riga fitowa, ita ce ta farko. Daga yau kuma kada ki sake cin wani bashi da sunan miliyan shidan nan. In kuɗin makarantar da suke yanzu ya fi ƙarfinki, ki je ki ga shugaban makarantar ki nemi rangwame ko biya kaɗan-kaɗan, in bai yiwu ba ki mayar da su wadda za ki iya kafin zango mai zuwa. Burin mahaifinsu kada karatu ya tsaya ne, bai ce lallai sai a makaranta kaza ba.

Rashin barcin nan ma kada ki raina shi. Idan ya wuce makonni, ko kika ga ba kya iya cin abinci, ko kuka yana zuwar miki ba dalili, ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini. Idan kin samu sunan likwidetan da ranar rufe karɓar shaida, ki sake rubuto mini, in duba miki jerin takardun kafin ki aika.